Takardar Yabo: A Saya Bugaggiya Ko A Tsara Ta Kai?

Yawancin wasiƙun da suka shigo a wannan karon a kan abu ɗaya suke magana, tunda zangon karatu na uku ya zo gangara. Makarantu na shirin bikin ba da kyaututtuka, Islamiyoyi kuma na shirin walimar sauka. Ga waɗanda na zaɓa.

Daga wata malamar firamare a Funtuwa: "Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da aji huɗu, kuma ina son in ba yaran da suka yi ƙoƙari takardar yabo, da kuɗin aljihuna. Na ga bugaggu a shagon littattafai waɗanda suna kawai za a cike da biro. Na kuma ga samfura a intanet da ake gyarawa a buga. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri, don ba kowa ke taɓa albashinsa saboda 'ya'yan wasu ba.

Idan yaran ba su wuce biyar ko shida ba, kuma hannunki na da kyau, ki sayi bugaggun, ba laifi. Matsalarsu ɗaya ce, an riga an yi miki magana a kansu. Galibi da Turanci suke, kuma abin da suka sani shi ne na ɗaya, na biyu, na uku. To yaron da ya shigo ajinki bai iya haɗa baƙi ba, yanzu yana karanta shafi guda ba tangarɗa, ina gurbinsa? Yarinyar da ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba duk da tallan da take yi da safe fa? Saboda irin waɗannan yaran ni na fi son ki tsara taki, ki rubuta wa kowa ainihin abin da ya yi. "Saboda bai taɓa makara ba tun farkon shekara" ya fi "saboda hazaƙa" nauyi a kunnen uba, domin ya san an lura da ɗansa ne, ba a yi masa kuɗin goro ba.

Ba sai kina da kwamfuta ba. Manhajar Canva na aiki a waya, kuma tana da samfura na kyauta masu yawa. Ki kula da waɗanda ke da ɗan tambarin kambi a gefe, na kuɗi ne, in kika yi amfani da su ba ki biya ba za su fito da tambarin kamfanin shimfiɗe a kan aikin. Microsoft Word ma na da nasa samfuran, kuma kusan duk shagon kwamfuta na da shi.

Akwai wani tarko da ke kama mutane da yawa. Samfuran da aka tsara a Amurka girman takardarsu daban ne da namu. Tasu inci 8.5 ce a 11, wato kusan milimita 216 a 279, mu kuwa A4 muke amfani da ita, milimita 210 a 297. Bambancin kamar ba yawa, amma in an buga sai ki ga adon gefe ya yanke a wani ɓangare, ko farin fili ya yi yawa a wani. Tun kafin ki rubuta komai ki mai da girman shafin A4. In kin gama ki adana shi a PDF, kuma in za ki tura wa mai shago ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil. Idan aka tura a matsayin hoto manhajar na matse shi, rubutun ya fito dishi-dishi.

Sai batun takarda, kuma nan ne nake son ki kashe kuɗinki. Farar takardar da ake hoto-kwafi da ita mai nauyin giram 80 ce, kafin yaro ya isa gida ta yamutse a jaka. Ki ce wa mai shago kwali kike so, mai giram 200 zuwa 250, fari ko ruwan madara, marar sheƙi. Mai sheƙi biro ba ya kama shi da kyau, sa hannun hedimasta sai ya goge. Ki kuma tambaye shi wace irin firinta yake da ita. Mai tawadar ruwa launinta na da kyau, amma ɗigon ruwa ɗaya na iya ɓata rubutun, kuma yana koɗewa in rana ta daɗe tana dukansa. Ta leza, mai amfani da garin tawada, ta fi jure damina da gumin hannu. A fara buga guda ɗaya ki riƙe a hannunki ki duba. Launin zinaren da ke walƙiya a fuskar waya sau da yawa ruwan ƙasa-ƙasa yake fitowa a takarda, gara ki gani kafin a buga ashirin.

Daga sakataren wata makarantar Islamiyya a Gusau: "Ɗalibai 34 za mu yaye a walimar sauka. Bara mun sha kunya, sunayen wasu sun fito ba daidai ba, Larabcin da ke sama kuma ya wargaje. Me za mu yi bana? Kuma ya dace mu sa aya a jiki?"

Malam Sakatare, wannan tambayar ta taɓa ni, domin na ga irin haka da idona. A wata walima da na halarta an kira wani yaro ya karɓi takardarsa, ya dawo wurin zamansa yana murmushi, sai ya duba. Harafin farko na sunansa, Ɗ mai lanƙwasa, ya zama ɗan akwati fanko. Ya sa yatsa yana goga wurin kamar datti ne zai fita. Mahaifiyarsa ta karɓa ta duba, ta naɗe ta sa a jaka ba ta ce komai ba. Yaron ya yi shekaru yana tashi da asuba saboda wannan rana.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin salon rubutu masu ado da ake sa wa suna an ƙera su ne don Turanci, babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsu, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. In kwamfuta ba ta sami harafin ba sai ta sa akwati, ko ta aro shi daga wani salon, ya tsaya a tsakiyar suna kamar baƙo. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ku amince da kowane salo, ku rubuta Ɗahiru, Ƙasimu, Ɓaidu da shi, manya da ƙananan baƙaƙe, ku gani. Salon da ake kira Noto Serif da wanda ake kira Charis duk suna ɗauke da haruffanmu, kuma kyauta ake sauke su. Kada ku yarda mai shago ya ce a cire lanƙwasar don a huta. Wanda ya san bambancin ƙafa da kafa ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Larabci kuwa daga dama yake tafiya, kuma baƙaƙensa haɗe suke. Wasu manhajojin zane, in ba a saita su ba, sukan raba baƙaƙen ɗaya-ɗaya su kuma juya su baibai. Mai shagon da bai yi karatun Larabci ba ba zai gane an yi ɓarna ba, shi dai ya ga rubutu. Ku rubuta Larabcin da kanku da salo irin Amiri, ku mai da shi PDF kafin ya bar hannunku, sannan malamin da ya fi kowa ido a makarantar ya duba bugun gwaji, wasali da ɗigo, ɗaya bayan ɗaya.

Don sunaye, ga abin da na ga yana aiki. Mako biyu kafin walima ku ba kowane ɗalibi 'yar takarda ya kai gida, uba ko uwa su rubuta sunan yadda suke so ya fito, su sa hannu. Wani gidan Muhammad suke rubutawa, wani Muhammadu, wani Mohammed saboda haka yake a takardar haihuwa. Aisha da A'ishatu ba ku ne za ku zaɓar musu ba. Ku jera sunayen a Excel, Word na da hanyar da yake jawo su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a samfuri guda, ba sai an sake buga kowanne da hannu ba, wanda a nan ne kuskure ke shiga. Ku sa kwanan wata biyu, na Hijira da na Miladiyya.

Ku kuma faɗi gaskiyar abin da ɗalibin ya yi. Wanda ya sauke izu sittin da duba daban yake da wanda ya haddace, kuma in riwayar Hafs ce ko Warsh a rubuta. Kada a kira takardar ijaza sai in malami mai isnadi ne ya saurari karatun ya bayar da ita. Shaidar kammalawa ce, kuma wannan sunan ya ishe ta daraja.

Game da aya, ku nemi fatawar malamanku, su ne masu wannan magana. Ra'ayina dai shi ne takarda na yawo, tana faɗuwa ƙasa, ƙanne na wasa da ita, kuma bugun gwajin da ya lalace a kwandon sharar shago yake ƙarewa. In kun sa aya, ku karɓo duk wanda ya lalace ku tafi da shi. Wani abin da zan so ku duba shi ne adon gefe. Maimakon furannin Turawa da ke zuwa da samfuri, ku nemi mai zayyana ya zana muku irin adon allon sauka, a ɗauki hotonsa da kyau a yi gefen takardar da shi. Kakannin da suka zo walimar za su gane shi tun daga nesa.

Daga shugaban wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai a Azare: "Malaminmu na lissafi ya yi ritaya bayan shekara 35. Muna son karrama shi ranar malamai. Wasu sun ce a yi allon karramawa na gilashi, wasu sun ce takarda ta isa a ba shi sauran kuɗin."

Ina tare da na biyun, ranka ya daɗe. Ranar Malamai ta Duniya 5 ga Oktoba ce, UNESCO ta fara ta a 1994, don haka kuna da lokacin yin abu a natse. Allon gilashi na da tsada, yana fashewa, kuma kalmomi kaɗan yake ɗauka. Ku buga takarda babba, A3, wadda ta ninka A4 sau biyu, a kwali mai kauri. A sama a sa cikakken sunansa da shekarar da ya fara da wadda ya ajiye aiki. A tsakiya jimla uku ko huɗu da ɗalibansa kaɗai za su iya rubutawa, irin kalmar da yake yawan faɗa in ya juya ga allo, ko yadda yake tsayawa bayan an tashi ya koya wa waɗanda aka bari a baya. Kasan kuma ku bar shi fili, duk wanda ya halarta ya sa hannu da biro, ya rubuta shekarar da ya gama. A sa a firem mai gilashi. Abin da ya rage a asusun ku sa a ambulan ku miƙa masa a keɓe, ba a gaban lasifika ba, domin ɗan fansho ya san inda zai kai shi.

Kada ku sa tambarin gwamnati ko na ma'aikatar ilimi don takardar ta yi kwarjini. Ba su suka bayar ba, ku kuka bayar. Tambarin makarantar ma sai da izinin shugabanta.

Daga wata uwa a Maraɗi: "'Yata mai shekara tara ta kai azumi goma bana. Babanta ya ce takardar yabo a gida bidi'ar 'yan boko ce. In yi ko in bari?"

Hajiya, ki yi, amma ki jawo babanta ciki. Ki nuna masa ba wani biki za a yi ba, kuma shi ne zai sa hannu ya miƙa mata bayan an ci tuwon sallah. A nan ba kya buƙatar shago ma. Kwali fari ɗaya da alƙalami mai kyau sun isa, yayanta ko yayarta su yi adon gefe. Sai dai ki tuna da sauran yaran gidan, har da 'ya'yan abokiyar zama in akwai, kowa a nemo abin kirkin da ya yi a watan. Kuma kada ya zama kowane mako, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Mutum uku sun tambaya ko a yi wa takardar lamineshin, wato a rufe ta da leda a inji mai zafi.

Ta yara ƙanana, a yi, tunda hannu da yawa za ta bi. Amma sai an gama sa hannu da buga hatimi, tawadar ta bushe, domin in leda ta rufe ba a sake buɗewa. Ku tsaya a wurin a fara gwada injin da wata takarda, saboda in zafinsa bai daidaita ba yakan bar kumfa ko ya lanƙwasa kwalin. Shaidar sauka da ta malami kuwa firem ya fi musu, ko jakar leda mai buɗewa a ajiye cikin akwati, nesa da danshi da gara. A firem ɗin a rataye ta a bangon da rana ba ta haskawa kai tsaye, kuma kafin a rufe gilashin a ɗauki hotonta da waya a tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye.