Kafin ka loda wa Alhaji dashe, je ka taka filin

Jiya muna ban ruwa ka yi mini tambaya, ban amsa ba saboda hankalina na kan injin da ya ƙi tashi. Cewa ka yi: "Baba, Alhajin nan da ke son tsuntsaye da ƙananan namun daji su dawo filinsa, me zai hana mu loda masa darbejiya da turare? Ga su nan jibge, ba sa mutuwa, akuya ma ba ta cika damunsu ba." To jawo benci ka zauna.

Da inuwa ya ce yana so, da tuni na sa ka cika kura. Darbejiya ba abar rainawa ba ce. Daga Indiya asalinta, ta shigo Barno wajen 1928, yau kuma da wuya ka shiga garin da ba ta yi wa rumfa ba. Amma je ka tsaya ƙarƙashinta da hantsi ka ɗaga kai. Ganyen ɗaci ne, tsutsa ba ta cika zama a kai ba, tsuntsu kuwa da tsutsa da ƙwari yake ciyar da 'ya'yansa. In ta nuna, jemage da wasu tsuntsaye sukan zo su sha 'ya'yan, daga nan shiru. Turare ya fi muni: ɗan Ostareliya ne, ya shanye ruwan ƙasa, ƙarƙashinsa kamar an share. Daga can sai ka wuce gindin gawo a watan Disamba ka saurara. Ƙudan zuma na gunji, 'yan tsuntsaye suna bin reshe reshe suna tsince, cikinsu har da baƙin da ke tsallako Sahara daga Turai su yi rani a nan, irin waɗanda ake zuwa kallo a Dagona, wurin kare tsuntsaye a jihar Yobe. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi tofo da fure lokacin da sauran daji ya bushe. Wato tukunyarsa na kan wuta daidai lokacin da kowa ya sauke tasa.

Sai dai ko itacen gida ba ko'ina yake yarda ya zauna ba, nan ne aikin yake. Filin Alhaji ba ƙasa ɗaya ba ce, na taka shi. Sama jigawa ce, rairayi har idon sawu. Tsakiya akwai fako, wanda in ka sara da diga sai ta yi tsalle ta dawo maka. Ƙasa kuma, wajen kwarin, laka ce baƙa mai riƙe ruwa har bayan kaka. Gida uku ke nan, kowanne da mutanensa.

Jigawar ta gawo ce da aduwa da magarya da dakwara. Dukkansu masu ƙaya, kuma da gangan na zaɓe su: kurciya da 'yan tsuntsaye sun fi sakin jiki su yi sheƙa inda mage da yaro mai danƙo ba za su kai hannu ba. Fakon kada ka yaudari mutum. Ban da geza da anza, ba abin da zan yi masa alkawari a wurin, su ma sai an haƙa ramuka masu siffar rabin wata a gicciye da gangaren, an zuba taki, ruwa ya tsaya ya ratsa. Shekarar farko ma ciyawa kawai nake so in gani a ramukan.

Kwarin shi ne inda nake jin daɗin aiki. Bagaruwa da giyayya ba sa tsoron ruwa ya kwanta musu a gindi wata da watanni. Ɗan sama kaɗan, inda ruwa ke zuwa ya janye, a sa kanya da ɗinya da ɓaure. In an ce in zaɓi ɗaya tak, ɓaure zan ɗauka. Ranar da ya nuna za ka rantse kasuwa ce ke ci: cilakowa, jemage, kurege, kowa da rabonsa, abin da ya faɗo ƙasa kuma na masu yawon dare ne. Akwai wani suri babba a gefen kwarin, kada kowa ya fasa shi. Tsamiya da kanya suna son gindin suri, ramukansa kuma gidan damo ne da guza.

Na taɓa cin kuɗin mutum a kan wannan, shi ya sa nake nanatawa. Ina sabon shiga, wani ya ga kaɗanya a hanyar Zariya ta burge shi, ya ce ita yake so a gonarsa can kusa da iyakar Nijar. Na san ruwan Zariya ya kai milimita 1,000 a shekara, na can kuwa da ƙyar ya wuce rabin haka, amma na ga kuɗi na yi gum. Kafin bazara ta biyu ba ko ɗaya a tsaye, sai sandunan da muka kafa musu. Har yau in mun haɗu a kasuwa kunya nake ji.

Abin da ya kamata in yi a lokacin shi ne abin da zan sa ka yi yanzu: ka duba me ke fitowa da kansa. Tsofaffin itatuwan maƙabarta da na bakin kan iyaka, su ne shaidar abin da ƙasar ke ɗauka. Ka tambayi dattawan ƙauyen me ke wurin suna yara, ka leƙa rijiya mafi kusa ka ga gaba nawa ne zuwa ruwa. Inda ka ga goruba, ruwa bai yi nisa ba. Sannan ka kula da kututturan da ke tofo. Sabara da kalgon nan da ake sassabewa duk shekara, saiwarsu ta girme ka. A Maraɗi, tun 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya ja hankalin manoma kan su bar tofo biyu uku masu ƙarfi a kowane kututture su datse sauran, abin da suke kira sassaben zamani. Da haka fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya sake yin itace a Nijar, ba leda, ba kurar ruwa. Na san wannan maganar rage mana ciniki take yi. Gara in sayar da dashe hamsin su rayu, mutum ya dawo.

Wani abin da masu fili ke ƙi: ƙazantar daji. Suna son su ga an share tas kamar tsakar gida. Fakara da zabon daji ba a kan itace suke sheƙa ba, cikin ciyawa suke yi, zomo ma nan yake kwana. A bar gamba ta yi layi a kan iyaka, a bar busasshen itace ɗaya a tsaye saboda masu sheƙa a kogo, a yanka hanyar kare gobara kafin iskar hunturu. Ka kuma gaya wa Alhaji gaskiya tun yanzu: inda ɓera da ƙwai suka yawaita maciji zai zo, maƙwabci mai gero kuma zai iya ƙorafin tsuntsu.

Ɓangarenmu na nan gandu, iri daga yankin za mu ɗebo, daga uwa mai lafiya, ba buhun da ba mu san asalinsa ba. Ƙwayar gawo da bagaruwa fatarsu tauri, ka zuba musu ruwan zafi su kwana, ko ka tsinto daga garken awaki, cikin dabba ya riga ya yi maka aikin. Gawo kada ya wuce wata uku zuwa huɗu a leda, saiwarsa ƙasa take nema, in ta naɗe ya tsugune ke nan. Goruba ba ta son leda sam, a ramin da za ta zauna ake binne ta. Cediya da durumi reshe ake kafawa. Dashe sai ruwa ya zauna, cikin Yuli, kuma ranar da aka dasa ranar ake kewaye shi da ƙaya, don akuya ba ta jiran gobe.

Gobe bayan asuba ka ɗauki diga da littafin nan, ka hau babur. Rami uku nake so, ɗaya a kowane gida, zurfin kamu biyu. Ka ɗebo mini ƙasar kowanne a leda daban, ka rubuto sunan duk abin da ka ga yana tofo. Wanda ba ka sani ba, karyo reshe ka kawo.