Amsa: Ido nawa ake ɗorawa a wuya idan za a saƙa suwaita daga sama da kwarashin Tunisiya?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin yi sarƙa 60 kamar yadda kika gani a bidiyo, kin yi layi shida, sai wuyan ya ƙi wuce kai, bakinsa kuma yana ta naɗewa, kina tambayar ido nawa ya kamata ki ɗora tun farko. Gaskiyar magana, babu wani adadi da za a ba ki ya yi wa kowa. Sittin ɗin nan ya yi wa mai bidiyon ne saboda zarenta da kwarashinta da hannunta. Naki adadin daga gwajin da za ki saƙa da hannunki zai fito, kuma ko kin samu adadin daidai, in farkon saƙar bai miƙewa, kai ba zai shiga ba.

Fara da kwarashi. Saƙar Tunisiya tana da kauri, ba ta da sakewa ta faɗi kamar saƙar allura biyu, don haka ana ƙara girman kwarashi da milimita 1.5 zuwa 2 a kan abin da aka rubuta a takardar zaren. In an rubuta 4, ɗauki 5.5 ko 6. Yawancin ulun da muke samu a kasuwar Terminus ta Jos ba ya zuwa da cikakken bayani, wani ma ba takarda. In haka ne, naɗa zaren a jikin rula ba tare da kin ja shi ba, ki ƙirga naɗi nawa ya cika inci ɗaya. In ya kai 11 ko 12, matsakaicin zare ne, kwarashi 6 zai yi masa. Kuma lallai ya zama mai igiya a gindi, don kafin ki kai hammata idanun za su haura 200, sandar kwarashi ita kaɗai ba za ta ɗauke su ba. Igiya mai santimita 80 zuwa 100 ta wadatar.

Sai gwajin. Saƙa ɗan yanki mai santimita 15 ta kowane gefe, da irin ɗinkin da za ki yi jikin rigar da shi, ba wani ba. Wanke shi, shimfiɗa shi ya bushe, sannan ki aza tef a tsakiyarsa ki ƙirga ido nawa da layi nawa ke cikin santimita 10. Kada ki auna har gefe, idanun gefe ba su zama daidai da na tsakiya. Na san wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa don ɗokin fara riga, amma wallahi awa ɗaya ce da za ta hana ki warware aikin sati biyu.

Mu ɗauka kin samu ido 14 da layi 12 a santimita 10. Wato kowane santimita ɗaya ido 1.4 ne. Yanzu auna kai, ba wuya ba. Kan babbar mace yakan kai santimita 55 zuwa 58, kuma ki auna da kitson da mai rigar ta saba yi, don shuku ko doka suna ƙara wa kai girma. In buɗin wuyan santimita 56 ne, 56 sau 1.4 ya ba ki 78 da ɗoriya, sai ki cike shi 80 don rabo ya yi sauƙi. Kin ga inda sittin ya gaza: da wannan awon santimita 43 kacal zai ba ki. Kada ki ji tsoron wuyan ya yi faɗi, bakin wuyan da za ki ɗora daga baya shi zai tsuke shi. Rage faɗi yana da sauƙi, ƙara shi ne ba ya yiwuwa sai an warware.

Yadda za ki raba 80 ɗin: ware ido 4 su zama layukan kafaɗa guda huɗu, inda za a riƙa ƙari. Saura 76. Baya 26, gaba 26, kowane hannu 12. Ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a kan sandar tsaye, wato zaren da ke tsaye a gaban ido, ta kowane ɗaya daga cikin idanu huɗun nan, kina matsar da shi sama duk layi.

To, ɗora idon kansa, nan ne aikin yake. Sarƙa ba ta miƙewa, kuma yawancinmu mun fi matse hannu a sarƙa fiye da sauran saƙa. In da sarƙa za ki fara, yi ta da kwarashin da ya fi na aikin girma da milimita 1, sannan ki koma na aikin. Juya sarƙar ki ga ɗan tudun da ke bayan kowace ɗaya, ta nan za ki sa kwarashi ki ɗauko madauki, farawa daga ta biyu. Bakin zai fito tsaf, kuma ɗora bakin wuya daga baya zai zo da sauƙi. Sarƙa 80 tana ba da madauki 80 a kan kwarashi, don wanda yake kai tun farko shi ne ido na ɗaya. Kada ki ƙara sarƙar juyawa kamar a kwarashin da muka saba, a nan ba a juya aiki.

Ni dai abin da na fi ba da shawara ga riga mai rufaffen wuya shi ne a bar sarƙa gaba ɗaya. In kin iya ɗora ido irin na allura biyu, wanda ake barin dogon jela ana ɗaurawa da babban yatsa, yi shi kai tsaye a kan kwarashin. Bar jela kamar mita 2, ɗora 80, sai ki yi dawowa kamar kullum: yafa zare ki ja ta madauki ɗaya, daga nan ki riƙa ja ta biyu-biyu har ƙarshe. Wannan bakin yana miƙewa ya koma. Wata hanyar kuma, saƙa bakin wuyan tukuna da ƙaramin kwarashi: sarƙa 7, singil (gajeren ɗinkin kwarashin da muka saba) 6 ta madaukin baya kawai, kina kai kina komowa har ya yi tsawon da in kin ɗan ja shi zai wuce kai. Sai ki ɗauko idanu 80 a gefensa mai tsawo. Raba shi huɗu da fil, ki ɗauki 20 a kowane kashi, in ba haka ba za ki iske sun taru a gefe ɗaya. Wannan hanyar tana kashe naɗewa tun daga layin farko.

Ba ki faɗa mana ko a zagaye kike yi ko a shimfiɗe ba. Kwarashi mai baki ɗaya ba ya zagayawa yadda allura ke yi. Zagaye na sosai sai da mai baki biyu da dunƙulen zare biyu: ki ɗauko madaukai da na farko, ki juya kwarashin, ki sauke su da na biyu ta ɗaya bakin, kina barin biyu ko uku a kai kafin ki sake juyawa. In shi za ki yi, yi layin farko a shimfiɗe tukuna sannan ki haɗa, ki ɗinke ɗan gibin da jelar zare. Haɗa sarƙa tsirara yakan sa ta murɗe, kuma ba za ki lura ba sai kin yi nisa. In wannan ce rigarki ta farko, yi mai maɓalli a gaba: gaban ya rabu 13 da 13, kina tafiya kina dawowa da kwarashi mai igiya, ba wata wahala.

Ƙari kuma ba a kwaikwayon na allura biyu, inda ake yi a tsallake layi. Layin Tunisiya, tafiya (ɗauko madaukai) da dawowa (sauke su), ya fi na allura tsayi, saboda haka kusan kowane layi ake ƙari. Ga lissafin da awonmu. Ƙirji santimita 100, a ƙara 8 don sakewa, 108 ke nan, ido 152. Cire 16 da za a ɗora a hammata biyu, cire 4 na layukan kafaɗa, saura 132, wato gaba 66, baya 66. Daga 26 zuwa 66 ƙarin 40 ne, biyu a kowane layi, layi 20. Daga wuya zuwa hammata santimita 20, layi 24. Ke nan layi huɗu ne kawai ba ƙari, ki bar su can ƙasa kusa da hammata kina tsallake ɗaya-ɗaya.

Hannu shi ne inda ake yawan faɗawa. In kika ƙara masa sau 20 kamar jiki, zai kai santimita 43, ya yi buhu. Damtse mai santimita 32 da sakewa 5 yana buƙatar ido 52, a cire 8 na hammata saura 44, wato ƙari sau 16 kawai. Saboda haka a layi huɗu daga cikin ashirin ɗin, jiki kaɗai za ki ƙara wa, ido 4 maimakon 8. In komai ya tafi daidai, layin ƙarshe kafin raba hannu zai zama 224. Ƙarin da kansa, sa kwarashi tsakanin sanduna biyu na tsaye, ƙarƙashin zare ɗaya na sama na abin da dawowa ta bari, ki ɗauko madauki, kafin idon alama da bayansa. In kika yafa zare kawai za a samu huda, sai dai in ado kike so. Ƙirga madaukai a ƙarshen kowace tafiya, lokacin duk suna kan kwarashi. Idon ƙarshe kuma ta ƙarƙashin zare biyu ake shigarsa, shi ne ake yawan mantawa har adadi ya ragu.

Akwai ɗora ido na biyu, na hammata. A tafiya, tsallake idanun hannu 44, ki ninke rigar ki ci gaba da ɗauka a ɓangaren baya. Ba sai kin sa su a wani zare ba, ba sa warwarewa. A dawowa, in kin iso gibin, yi sarƙa 8 a sake, ki ci gaba. A tafiya ta gaba sai ki ɗauko madauki a kowace sarƙa.

Game da naɗewar da kika gani, ba laifin hannunki ba ne. Duk madaukan ta gaba ake jan su, shi ya sa saƙar ke naɗowa kamar tabarma, musamman ɗinkin da ke kama da na allura biyu. Babban kwarashi yana rage ta. Haka ma yin layi biyu ko uku na farko da ɗinkin da ake kawo zare gaba, ko a riƙa cuɗanya shi da na sauƙi ɗaya bayan ɗaya. In ulun akirilik ne, tururin dutsen guga daga ɗan nesa zai kwantar da shi, amma kada ƙarfen ya taɓa zaren, zai narke ya mutu, ba ya dawowa.

In ta yaro ce, ki kula sosai: kan ɗan shekara biyu yana kusan santimita 48 alhali wuyansa ɗan siriri ne, gara ki bar layin kafaɗa ɗaya a buɗe ki sa maɓalli uku. Zaren kuma saye shi duka lokaci ɗaya, don wannan saƙar ta fi ta allura cin zare, kuma launin da za ki koma nema bayan wata ɗaya ba lallai ya zo iri ɗaya ba. Wanda kika fara ɗin ki warware shi, layi shida ba asara ba ce. In kin sake ɗorawa, yi layi uku kawai ki zura a kai kafin ki ci gaba. Ki turo mana awon gwajinki da na ƙirji da damtse, sai mu duba lissafin tare, da yardar Allah ki gama kafin sanyin Disamba ya sauko Jos.