Tattaki a Gaɓar Teku: Tambayoyin Mai Shirin Hutu a Zanzibar

Wani mai karatu daga Kano ya rubuto cewa zai je hutu Zanzibar, kuma yana son ya taka da ƙafa daga Paje zuwa Jambiani, ƙauyuka biyu a gabar kudu maso gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya. Ya ce: "Malam, me zan kira wannan tafiya? Gaɓar teku ake cewa ko bakin teku? Kuma da na ce zan sayi kayan tafiyar idan na sauka, kakata ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Me take nufi?"

Ɗan'uwa, sunan tafiyarka tattaki. Daga "taka" kalmar ta fito, kuma tana nufin doguwar tafiyar ƙafa da aka ɗaura wa niyya. Jaridu sun kusa mayar da ita ta masu zanga-zanga da magoya bayan 'yan siyasa kaɗai, amma ba tasu ba ce. Shan iska ya yi mata kaɗan, wannan na bayan la'asar ne. Yawon buɗe ido kuwa sunan hutun ne gaba ɗayansa.

Gaɓa da baki duk daidai ne. Sai dai ka ja wasalin farko, gaaɓa, domin idan ka gajarta shi ka koma gaɓar jiki. Bahaushe bai tashi a bakin teku ba, don haka daga kogi ya kwaso waɗannan kalmomi. Akwai kuma gaci, inda mai fito yake sauka, shi ya sa wanda ya cimma burinsa ake cewa ya kai gaci. Haka tsibiri yake da ɗan'uwa, gungu: Gungawan Yawuri sun sami sunansu ne daga zama a tsibiran kogin Kwara, kafin madatsar Kainji ta 1968 ta tashi da yawansu.

Ita kanta teku baƙuwa ce. Masu bin asalin kalmomi suna danganta ta da "eti okun" na Yarabanci, wato gefen babban ruwa. Ka ga ke nan mai cewa bakin teku ya ambaci bakin sau biyu bai sani ba, kuma babu laifi. Daga gabas kuma Larabci ya ba mu bahar, kamar a Bahar Maliya, wadda alhazan zamanin da suke tsallakawa daga Sudan zuwa Jidda, da Bahar Rum. Ruwan da ya kewaye Zanzibar dai tekun Indiya muke ce masa.

Yanzu ga maganar Hajiya kaka. Fafe gora shi ne a yanke bakinta a kwashe 'ya'ya da totuwar da ke ciki. Bayan haka sai an jiƙa ta ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Wanda ya fafe da safen tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Karin maganar na nufin akwai shirin da lokaci yake ci, kuɗi ba ya gaggauta shi.

A tattakinka gorar guda biyu ce. Ta farko takalmi: sabon takalmi yakan yi wa ƙafa kanta da bororo, sai ka fara taka shi tun a gida, kuma ya zama mai kauri, domin akwai duwatsun murjani masu kaifi da wasu halittu masu ƙaya a ƙasan ruwan. Ta biyu ita ce sanin lokacin ruwa. A wannan gaɓa teku takan cika ta janye sau biyu a yini, saboda jan da wata yake yi mata, tsakanin cika da janyewa kusan awa 6. Idan ta janye, fili yakan buɗe har ka ga mata suna aikin gonakin ciyawar teku. Idan ta dawo, a wasu wuraren har gindin katangu take kaiwa, hanya ta rufe. Masunta da masu masauki sun san jadawalin kowace rana, ka tambaye su tun daren, ka fita da sassafe in lokacin ya dace, kafin rana ta take.