Ƙauyen bakin iyaka: ka je da niyyar kwana

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kana so ka kai yaranka su ga ƙauyen bakin iyakarmu da Najeriya idan an yi hutun lakwal, kana tambayar wanne ya fi sauƙin zuwa daga Damagaram, da kuma abin da za su gani a kusa. Shekara shida na yi ina koyarwa a wani ɗan ƙauye kudu da Matameye, har yau kuma ban yanke ƙafa ba, saboda haka ga abin da na sani.

Hanya biyu ce aka fi bi. Akwai ta Magarya da ke fita Tinkim, ta ƙetare iyaka ta nufi Babura ta ƙasar Jigawa. Akwai kuma ta yamma: ka bi hanyar Maraɗi har Takeita, wajen kilomita 50, ka karya kudu ka ratsa Kance da Matameye, ka isa Ɗan Barto, daga nan sai Kwangwalam da Daura. Ni ta biyun nake ba ka shawara, don abin gani ya fi yawa a kanta. In ka tsaya Kance, ka nemi izini wajen dogarai a nuna wa yara ƙofar fada.

Amma roƙon da nake maka shi ne kada ka yi tafiyar yini guda. Wanda ya je da hantsi ya juyo da la'asar, abin da zai gani bai wuce shingen jami'ai da manyan motoci da masu tallar rake ba, ya dawo yana cewa babu kome a can. Ka nemi wanda ke da dangi a ƙauyukan da ke gefen kwalta. A Zinder wannan ba wuya, ko a Birni ko a Zango ko a kasuwar Dole ba za ka rasa mutumin wajen ba. Ya haɗa ka da mai masauki, ku kwana biyu. Da kun sauka, kafin a shiga ko'ina, mai masaukinka ya kai ka gaisuwa wurin mai gari, ka riƙe goro da sukari da ganyen shayi, ka ce “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Damagaram, mun zo sada zumunci.” A bakin iyaka ana lura da baƙuwar fuska fiye da ko'ina, kuma suna da dalili. Da zarar mai gari ya san da zamanka, kowa zai sake da kai.

Abin da nake so yaran su gani da idonsu shi ne tangaraho. Haka mutanen wajen ke kiran turakun da Turawa suka kakkafa don shaida iyaka, lokacin da Faransa da Ingila suka auna ta tsakanin 1906 da 1908. Ranar da na fara ganin ɗaya, wani dattijo ne ya kai ni. Muna tafe cikin gonar da aka girbe hatsi, sai ya tsaya ya nuna mini turken ƙarfe, ba katanga, ba waya, ba kowa. Ya ce mini gonarsa ta gado rabi tana nan, rabi tana can, ƴarsa ta fari kuma tana aure a ƙauyen da muke hange, wanda yake Najeriya ne. In an yi rasuwa can, da ƙafa suke zuwa jana'iza su dawo kafin azahar. Na daɗe ina koya wa yara taswira a allo, amma sai ranar na fahimci abin da nake koyarwa. Yaro da ya tsaya gaban turken nan ya ji dattijo yana lissafa danginsa na ɓangare biyu, ba zai ƙara ɗaukar mutanen Daura baƙi ba.

Ku je lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu. An gama kaka, rumbuna sun cika, mutane suna da sukunin hira, garake kuma sun yi kore. Ƙasar Matameye tana cikin kwarin Korama, ruwa yana kusa, shi ya sa rake da rogo da dankali da tumatir suke yi sosai. Yawancin raken da muke sha a Zinder daga wannan kudancin yake fitowa. Ka sa a kai su garka da sassafe su ga yadda ake ban ruwa. A hanya kuma ka nuna musu gawo, don yankin cike yake da shi: da rani yake ganye, da damina ya zubar, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Manoman wajen ba sa yarda a sare shi.

In takardunku sun cika kuma iyaka tana buɗe, ranar Lahadi kasuwar Mai'aduwa ke ci, kasuwar dabbobi ce babba wadda mutanenmu ke kai shanu da raƙuma. Daura ma ba nisa, ku leƙa rijiyar Kusugu ta labarin Bayajida, su sha ruwanta. Sai dai ka tambaya tun kana gida, don al'amarin iyaka yana canzawa: Najeriya ta rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ka riƙe katin ɗan ƙasa da takardun haihuwar yara. Kabu-kabu za su ce maka akwai hanyar daji mai sauƙi. Da iyali a hannunka, kar ka bi.

Wani abu kuma da ya taɓa faruwa da ni: wani ƙanena da na kai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto kusa da wani shinge, aka karɓe wayar, muka yi kusan awa uku muna ba da haƙuri. Ka gargaɗi yara tun a mota, ba hoto kusa da jami'ai, matan gari ma sai an tambaya. Kuɗi kuwa, ka tafi da canji ƙanana. Sefa da naira duka suna yawo, kuma in mai talla ta ce maka ashirin, ka tambaye ta dala take nufi ko naira.

Ku ɗauki bargo, don sanyin asuba a kwarin yana shiga ƙashi, da gidan sauro, da ruwan sha na yara. Hura da nono kam za a kawo muku har su yi yawa, kada ku mayar, ku sha ko kaɗan ne. Ranar tafiya ka bai wa uwargidan masauki abin da ya sawwaƙa, turmin atamfa ko sabulu, alkakin Damagaram ma suna murna da shi. In ka tsai da rana ka sanar da ni, in kira mai masaukina na dā ya tarye ku a tashar Matameye.