Garin hulba: ki sari ƙwaya, ki niƙa da kanki

Wata mai sayar da kayan mata a gida ta tambaya: tana son ƙara garin hulba a hajarta, shin niƙaƙƙe za ta saro ko ƙwaya, kuma yaya za ta yanka farashi?

Hajiya, ƙwaya za ki saro. Gari yana ɓoye algus, ana iya cakuɗa shi da garin masara ido bai gane ba. Hulba mai kyau launinta rawaya ne mai duhu, tana da kusurwoyi da ɗan tsagi a jiki, ga tauri kamar tsakuwa. Ki ciza guda tun a gaban mai kaya. In ta lotse, ta sha danshi, ki bar masa abinsa. Indiya ce kan gaba wajen nomanta, musamman jihar Rajastan, don haka in ta waje kike saye, tashin dala zai taɓa ki.

Ki tsince tsakuwa, ki sheƙe, ki ɗan soya a busasshiyar tukunya kan ƙaramar wuta, minti 3 zuwa 5. Wannan yana rage ɗaci, amma in ta ƙone ɗacin ƙaruwa yake. A tabbatar injin bai niƙa barkono ba. Ki baza garin ya huce sarai kafin ƙullawa, domin mai ɗumi yana yin gumi cikin leda, ya dunƙule, ya yi fumfuna. Na mako biyu kawai za ki riƙa niƙawa, ƙamshin gari ba ya daɗewa kamar na ƙwaya.

Wajen farashi ake yawan faɗuwa. A ce kin sayi kilo 10, bayan tsinta da niƙa ya koma 9. Kuɗin saye, mota, niƙa da leda duka a kan 9 ɗin za ki raba su, wato ƙulli 90 na giram 100, sannan ki ɗora riba.

Masu shayarwa suna nemanta don ruwan nono, wasu don ƙiba. Ki gaya musu gaskiya: warinta yana fita a zufa da fitsari. Mai juna biyu kada ta sha. Mai shan maganin suga ko na tsinka jini ya fara tuntuɓar likita, haka ma wanda gyaɗa ke tayar wa borin jini, tunda hulba da gyaɗa danginsu ɗaya. Kada ki rubuta "tana warkar da suga" a jikin leda, kuma kafin kayanki su shiga kantuna da suna, ki nemi rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.