Amsa: Zan je Manila, babban birnin Philippines, ina zan fara kuma me zan ci?

Ɗan'uwa tunda wuraren gani da abinci kake tambaya, ka fara da Intramuros, tsohon garin da Sifaniyawa suka zagaye da ganuwa, a ciki Fort Santiago yake inda aka tsare Jose Rizal, gwarzon ɗan kishin ƙasarsu, kafin a harbe shi a 1896. Kaje da sassafe dan ranarsu ba sauƙi. Abinci kuwa dan Allah ka kula, lechon da sisig alade ne, adobo ma sai ka tambaya. Ka nufi unguwar Quiapo wajen masallacin Golden Mosque, nan musulmi ke saida na halal, ka nemi pastil, shinkafa ce da dagargajajjen naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ga araha ga daɗi. Gosulo kam ba'a magana, ka sauke Grab, manhajar kiran mota, a wayarka, kuma karka je tsakanin Yuli da Oktoba saboda ruwa da guguwa.