Hukuncin karɓar "gombo" don sauya farashin kasuwa a rediyo

Tambaya: Allah gafarta Malam, ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Garwa ta ƙasar Kamaru, ni ke karanta farashin kasuwa a shirin Hausa. Wani ɗan kasuwa ya ba ni sefa 50,000 in ce albasa ta faɗi a Yawunde da Duwala, don manoma su sakar masa tasu da araha. Na kuwa faɗa. Wata uku ba mu ga albashi ba, abokan aiki kuma suna cewa gombo ne, wato kuɗin da ake danƙa wa ɗan jarida don ya faɗi abin da ake so, kowa na ci. Kuɗin nan sun halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, ba su halatta ba, ladan ƙarya ne.

Manzon Allah (SAW) ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Malamai suka ce dalili shi ne mai kaya bai san farashin gari ba tukuna, sai a ci da rashin saninsa. To kai mutumin nan ya ɗauka haya ka tare masa manoma, ba a bakin hanya ba, har cikin ɗakunansu. Manomin da ya kwana ban ruwa a bakin Binuwai ba shi da ido a Duwala sai kai.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hadisin Samura ɗan Jundubi a Buhari. An nuna wa Annabi (SAW) a mafarki mutumin da ake tsaga masa baki har ƙeya, aka ce shi ne wanda yake yin ƙarya ɗaya a ɗauke ta ta cika duniya. Ƙaryar mai rumfa tana tsayawa a kan mai saye ɗaya, taka ta shiga kowane ƙauye.

Riƙe muku albashi zalunci ne, ku nemi haƙƙinku. Amma ba manomi ne ya riƙe shi ba.

Talla kam halal ce, ka karɓi kuɗinta, muddin ka ce wa masu sauraro talla ce, kuma babu ƙarya a ciki.

Yanzu ka tuba, ka koma shirin nan, a lokacinsa, ka faɗi farashin gaskiya, ka ce na baya kuskure ne. Kuɗin kuma kada ka ci, kada ka mayar masa. In ka san manoman da suka cutu, su suka fi cancanta. In ba ka san su ba, ka ba mabuƙata.

Wallahu a'alamu.